Finafinan masu jiran hukuncin kisa: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Tambaya: Malam, na kalli The Green Mile, kuma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun daga nan na shiga neman finafinan fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa. Abu biyu nake so a warware mini. Shin yadda ake nuna kisan haka yake a zahiri? Kuma me ya sa kusan kullum wanda za a kashe sai ya zama ba shi ya yi laifin ba? In akwai waɗanda suka fi wannan, a taimaka mini da sunayensu.

Amsa: Ɗan'uwa, hawayenka ba laifi ba ne, don shi aka shirya fim ɗin. Frank Darabont ya fitar da shi a 1999 daga littafin Stephen King, kuma ya san inda zai taɓa mutum. Amma tunda gaskiya ka tambaya, bari mu fara da abin da ya yi daidai da abin da ya ƙara wa gishiri.

Fim ɗin ya ce abin ya faru a jihar Louisiana ta Amurka a 1935, a wani gidan yari mai ɗakin kisa da kujerar lantarki a girke. A wannan shekara Louisiana rataya take yi. Sai a 1941 ta fara amfani da kujera, kuma ko a lokacin ba wuri ɗaya aka ajiye ta ba, a mota ake ɗaukar ta da janaretonta a kai garin da aka yanke hukuncin. Wannan kujera ce aka ɗaure wani yaro baƙar fata mai suna Willie Francis a kanta a watan Mayu na 1946, yana ɗan shekara 17. Aka sakar masa wuta bai mutu ba, saboda ba a haɗa kayan daidai ba. Magana ta je har kotun ƙoli, kotu ta ce babu laifi a sake, aka sake a 1947. To ka ga, abin da ya faru a zahiri ya fi na fim muni a wani wajen.

Shi kuwa batun soso da ka gani, wanda mugun gandiroba ya ƙi jiƙawa har fursuna ya kama da wuta, yana da tushe. Ana jiƙa soso da ruwan gishiri a ɗora a kan aski domin wuta ta ratsa jiki kai tsaye, ba ta tsaya tana ƙona fata ba. A 1990 a Florida, wajen kashe Jesse Tafero, an sa soson roba maimakon na teku, harshen wuta ya tashi a kansa a gaban shaidu. Ke nan bangaren kayan aiki masu fim sukan yi bincike sosai. Inda suke yi mana wayo a wajen labari ne, kuma nan tambayarka ta biyu ta shigo.

Marar laifi shi ne ya fi sauƙin rubutawa. Da zarar mai kallo ya san ba shi ya yi ba, an gama da shi: zai ƙi mai gabatar da ƙara, zai so lauya, zai riƙa kallon agogon bango tare da kyamara. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Tun a 1916 D. W. Griffith ya yi ta a Intolerance, inda mota ke tsere da jirgin ƙasa don a riski gwamna, a karɓo takardar afuwa kafin a saki igiya. Daga nan har yau ana maimaita ta, sai dai wayar tarho ta maye gurbin mota. A zahiri wannan wayar ta gwamna ba kasafai take ƙara ba. A Texas, jihar da ta fi kowace kisa a Amurka, gwamna ba shi da ikon sauya hukunci shi kaɗai sai hukumar afuwa ta ba shi shawarar haka. Iyakar abin da zai iya a kan kansa shi ne ɗage kisan na kwana 30, sau ɗaya.

Kada ka fahimce ni da cewa ƙarya ne ana yanke wa marasa laifi. Ana yi, kuma ba kaɗan ba. Daga 1973 zuwa 2024 mutum 200 aka wanke a Amurka bayan an yanke musu hukuncin kisa. Just Mercy na 2019 labarin ɗaya daga cikinsu ne, Walter McMillian na Alabama, wanda aka yi wa shari'ar kwana ɗaya da rabi. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ɗaurin rai da rai, alƙali ya ture maganarsu ya ce kisa. Sai a 1993 lauya Bryan Stevenson ya fitar da shi, bayan shekara shida. Haka The Thin Blue Line na Errol Morris, 1988, wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, bincike ne da hirarraki da mutanen da abin ya shafa. Randall Adams da aka ce ya harbe ɗan sanda a Dallas ya taɓa zuwa saura kwana uku a kashe shi. Fim ɗin ya tona yadda shaidu suka yi ƙarya, aka sake shi a 1989. Lura da abin da ya ceci waɗannan mutane: shekaru na tonon takardu da bin shaidu gida gida. Babu wanda ya shigo da gudu ana saura minti ɗaya.

Matsalata da finafinan marar laifi ita ce suna barin jaki suna dukan taiki. Mai goyon bayan hukuncin kisa da mai adawa da shi duk sun yarda kada a kashe wanda bai yi ba. To wace muhawara fim ɗin ya buɗe? Mutum zai fito daga kallo yana cewa a gyara 'yan sanda, a gyara kotu, wanda daidai ne, amma ba a tambaye shi komai a kan ainihin hukuncin ba. Tambayar mai nauyi tana kan wanda ya yi, ya yi da gangan, kuma ya yi mummuna. Fim ɗin da ya iya tsayar da kai a gaban irin wannan mutum, bai ɓoye maka gawar da ya bari ba, shi ne ya yi aiki.

Na farko da zan ba ka shi ne Dead Man Walking na Tim Robbins, 1995, daga littafin Sista Helen Prejean, wata mai hidimar cocin Katolika da ta riƙa raka fursunoni har ɗakin kisa a Louisiana. Mutumin da Sean Penn ya fito a matsayinsa an haɗa shi ne daga mutum biyu na gaske, Patrick Sonnier da Robert Lee Willie, waɗanda aka kashe a 1984. Ba abin so ba ne ko kaɗan: maƙaryaci, mai ƙin baƙar fata, mai ɗora laifi a kan abokinsa har kusan ƙarshe. Wurin da na fi girmamawa a fim ɗin shi ne inda sistar ta je gidan iyayen yarinyar da aka kashe. Suka karɓe ta hannu biyu suna zaton ta dawo ɓangarensu, da suka gane har yanzu tana tare da makashin 'yarsu suka kore ta. Fim ɗin bai nuna su a matsayin mugaye ba, kuma da wuya ka kalli wurin ba ka ce da gaskiyarsu ba. Akwai kuma wani zaɓi da aka yi da gangan. Mutanen na gaske a kujerar lantarki aka kashe su, amma a fim aka mayar da shi allurar guba, wadda take kama da barci. Da an nuna kujera, mai kallo zai samu mafita ya ce ai hanyar ce ba ta da kyau, a canza ta. An toshe masa wannan ƙofa. Sannan lokacin da ake tura maganin, ana yanko maka hoton daren da aka yi wa yarinyar fyaɗe aka kashe ta da saurayinta, don kada tausayi ya sa ka manta. Susan Sarandon ta samu kyautar Oscar a kansa.

Wanda ya fi shi a wajena, nesa ba kusa ba, shi ne A Short Film About Killing na Krzysztof Kieślowski, ɗan ƙasar Foland, 1988. Mutum uku ne a birnin Warsaw: saurayi mai gararamba, direban tasi marar kirki, da sabon lauya da ya ci jarrabawarsa a ranar. Saurayin ya shiga tasi, ya sa a kai shi bayan gari, ya shaƙe direban da igiya. Mun saba a fim a kashe mutum cikin daƙiƙa biyu a wuce. Nan kuwa kisan ya ɗauki kusan minti bakwai. Direban ya ƙi mutuwa, yana danna hon, yana roƙo, har sai da yaron ya ɗauko dutse. Babu kiɗan da zai rage maka zafi, kuma an ɗauki hoton ta cikin gilashi mai kore-kore, garin duk ya zama kamar mai ciwo. Shari'ar ma ba a nuna ta ba, tsalle aka yi zuwa hukunci, domin babu abin musu.

Daga nan sai kisa na biyu, kuma da irin haƙurin da aka nuna na farko aka nuna shi. Hauni ya zo da wuri ya duba igiya, ya gwada ƙofar ramin, ya sa mai a inda yake ƙara, ya ajiye faranti a ƙasa don abin da zai zubo daga jikin wanda aka rataye. Yaron ya roƙi a ƙara masa ɗan lokaci da lauyansa, ya ba shi labarin ƙanwarsa da tarakta ta take, ana ta aiko gandiroba yana tambaya ko sun gama. Da lokaci ya yi sai ya tubure, mutane da yawa suka danne shi, kowa na ihu, aka yi abin cikin gaggawa da ruɗani. Kieślowski bai ce maka yaron ya cancanci afuwa ba. Ya ajiye kisa biyu gefe da gefe, ɗaya na ɗan iska ɗaya na hukuma, ya bar ka da su. A shekarar da fim ɗin ya fito aka yi rataya ta ƙarshe a Foland, kuma dokar da ta soke hukuncin ta fara aiki a 1998. Za ka ji ana cewa fim ɗin ne ya jawo haka. Ni ina ganin an yi masa yawa, domin a daidai lokacin mulkin kwaminisanci yake rushewa, abubuwa da dama suna canzawa tare.

Akwai reshe na uku da mutane ba su cika nema ba, alhali nan ne finafinan kwanan nan suka fi ƙarfi: labarin masu aiwatarwa. Alƙali yana rubutawa ya tafi gida, amma dole wani ya taɓa jikin mutumin. Pierrepoint na 2005 labarin Albert Pierrepoint ne, haunin Ingila da ya rataye mutum fiye da 400, ciki har da kusan 200 na 'yan Nazi bayan yaƙin duniya na biyu. Ƙwarewarsa lissafi ce: ya leƙa fursuna ta ƙofa, ya san nauyinsa da kaurin wuyansa, ya auna tsawon igiyar da za ta karya wuya nan take ba tare da ta shaƙe ko ta cire kai ba. Daga shigarsa ɗaki zuwa faɗawa rami daƙiƙoƙi ne. A 1950 aka kawo masa James Corbitt, mutumin da ke zuwa mashayarsa suna waƙa tare, kuma ya rataye shi. A wannan shekara ce kuma ya rataye Timothy Evans, sannan a 1953 ya rataye John Christie, maƙwabcin da ya ba da shaida a kan Evans, wanda daga baya aka gano gawarwakin mata a gidansa. An yi wa Evans afuwa a 1966, yana kabari. Pierrepoint ya ajiye aiki a 1956, kuma a littafin tarihinsa na 1974 ya nuna bai ga abin da ratayar ta hana ba.

Clemency na 2019 ma a wannan layi yake, kuma wadda ta shirya shi, Chinonye Chukwu, haifaffiyar Fatakwal ce da ta tashi a Amurka. Kisan Troy Davis a jihar Georgia a 2011 ne ya sa ta tambayi kanta halin da ma'aikatan da suka yi aikin suke ciki. Jarumar shugabar gidan yari ce, mace mai bin doka sau da ƙafa, kuma fim ɗin ya buɗe da allurar da aka rasa jijiyar da za a soka. Babu ihu a cikinsa, rashin barci ne da aure da ke lalacewa a hankali. Ya ci babbar kyautar bikin Sundance. In kana son ka ji daga bakin na gaske, nemi Into the Abyss na Werner Herzog, 2011, inda Fred Allen, wanda ya shugabanci masu ɗaure fursuna a gadon allura a Texas a kisa fiye da 120, yake faɗin yadda jikinsa ya kama rawa bayan kashe Karla Faye Tucker a 1998, ya bar aikin har da fanshonsa. Hukumomi ma sun san da wannan nauyi. Shi ya sa a Japan ake jera maɓallai, ma'aikata su danna tare, ba wanda ya san nasa ne ya buɗe ramin.

Abin da kusan duk finafinan nan suka kasa nunawa shi ne jira, don kyamara ba ta son inda ba a motsi. Fim yana son makon ƙarshe, abincin ƙarshe, tafiyar ƙarshe. (Ko abincin ma Texas ta daina ba da na zaɓi tun 2011.) Amma a Amurka yanzu tsakanin hukunci da kisa yakan kai shekara 20 ko fiye. A Japan sai da safiyar ranar ake gaya wa fursuna, ke nan kowace safiya yana sauraron takun takalma. Iwao Hakamada an yanke masa hukunci a 1968, aka sake shi a 2014, kotu ta wanke shi a 2024 yana da shekara 88, hankalinsa ya riga ya taɓu.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. A Nijeriya akwai fiye da mutum 3,000 da ke jiran hukuncin kisa, amma kisa na ƙarshe da aka sani a Edo aka yi shi, a Disambar 2016, mutum uku. Doka ta ce sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa yawanci ba sa sa hannu, ba sa kuma sauya hukuncin. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙali damar mayar da shi ɗaurin rai da rai in mutum ya shekara goma bayan ƙarewar ɗaukaka ƙara ba a kashe shi ba. Ke nan labarinmu ya saɓa da na Amurka gaba ɗaya: can ana tsoron ranar, nan ranar ce ba ta zuwa. Zamanin soja kuwa a fili ake yi, kamar yadda aka harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a Bar Beach ta Legas a 1971 a gaban dubban 'yan kallo, har Eddie Ugbomah ya yi fim a kansa cikin shekarun 1970. Amma wancan labarin ɗan fashi ne da ƙarshensa, ba labarin ɗakin jira ba.

Ka ware finafinan gwarzaye gefe guda, ba jinsinsu ɗaya ba. Ratayar Umar Mukhtar a Lion of the Desert, wanda Italiya ta kashe a Libiya a Satumbar 1931, ko ta Bhagat Singh da Turawan Ingila suka rataye a Lahore a Maris na 1931 kuma Indiyawa suka yi ta maimaitawa a fim, ba hukuncin suke tuhuma ba, mai mulkin mallaka suke tuhuma. Igiyar a can rawani ce.

Na bar finafinan Iran a ƙarshe domin su ne suka fi kusa da abin da muka karanta a makaranta. A tsarin Turai da Amurka hukuma ce mai jini, iyalan mamaci 'yan kallo ne, ko sun yafe ba lallai a fasa ba. A ƙisasi kuwa haƙƙin na magadan mamaci ne: su nemi a kashe, su karɓi diyya, ko su yafe, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta buɗe ƙofa. Wannan yana canza ginin labari tun daga tushe. Ba gwamna ake bi ba, ƙofar gidan uban mamaci ake zuwa a durƙusa. Beautiful City na Asghar Farhadi, 2004, a kan haka yake. Yaro ya kashe yarinya yana ɗan shekara 16, aka ajiye shi har ya cika 18, ranar da ake masa murnar cika shekara ita ce ranar da ya zama wanda za a iya kashewa. Abokinsa da yayarsa suka shiga zarya gidan uban yarinyar. Uban ba mugu ba ne, tsoho ne da baƙin ciki ya cinye. Sai ga wani ƙulli: a dokar ƙasar diyyar mace rabin ta namiji ce, don haka in yana son a kashe yaron sai ya biya iyalansa rabin diyya, shi kuwa talaka ne har yana tunanin sayar da gida. Matarsa kuma tana da 'ya mai naƙasa da ke buƙatar magani, tana ganin kuɗin diyya zai yi musu rana. Kowa a gidan yana da hujja, kuma Farhadi bai raba musu gardama ba.

In ka gama da shi ka nemi There Is No Evil na Mohammad Rasoulof, wanda aka ɗauka a ɓoye ya kuma ci babbar kyautar bikin Berlin a 2020, 'yarsa ce ma ta karɓa saboda an hana shi fita ƙasar. Labarai huɗu ne, wasu a kan samari masu bautar ƙasa a soja da ake sa su janye kujera daga ƙarƙashin wanda za a rataye. Na farkon kada ka bari kowa ya ba ka labarinsa kafin ka gani.

Ga yadda zan jera maka su: fara da Dead Man Walking, ka bi da na Farhadi, sannan Clemency. Na Kieślowski ka bar shi sai ranar da kake da natsuwa, kuma kada ka kunna shi yara suna ɗakin.